Kafin a tashi mai shayi daga bakin titi

Ranar wata Asabar bayan la'asar ina cikin a-daidaita-sahu daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Ƙofar Nasarawa, muka wuce wani mai shayi yana jera bencinansa, yaronsa na hura gawayi. Wani bawan Allah da ke kusa da ni, da ganinsa ka ga mai rufin asiri, ya ja tsaki ya ce da shi ke da iko da cikin mako guda ya sa an kwashe duk teburan nan daga titunan Kano. Wai su ke ɓata gari, su ke tare hanya, kuma babu mai zama a wurin sai 'yan zaman kashe wando.

Direban ya ɗan waiwayo ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa a irin wurin nan nake karyawa kullum." Mutumin bai tanka masa ba, ya ci gaba da latsa wayarsa.

Shirun nan ya fi maganar ɓata mini rai. Haka ake yanke hukunci a kan waɗannan wurare. Waɗanda ba su taɓa zama a bencin ba su ke da bakin magana, masu zama kuma ko sun yi magana ba a saurare su.

Ra'ayina shi ne, teburin mai shayi, da duk tsufan bencinsa da baƙin butarsa, yana cikin abubuwan da ke riƙe da zaman gari. Ya kamata hukuma ta ba shi muhalli, ta gindaya masa ƙa'ida, ta daina lissafa shi cikin sharar da za a kwashe duk lokacin da aka tashi gyaran titi. Na san akwai ƙorafe-ƙorafe a kansa, wasu ma masu nauyi ne, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma bari in fara da abin da ake son kwashewar.

Teburin bakin layinmu

Wanda na fi sani yana jikin katangar wani garejin kanikawa. Mai shi mutumin ƙasar Damagaram ne, ya zo ci-rani yana saurayi, Kano ta riƙe shi har ya yi furfura. Benci uku ne kewaye da tebur, ɗaya ƙafarsa ta karye an tokare ta da bulo. An lulluɓe teburin da leda mai zanen furanni wadda ta daɗe da koɗewa. A kai ga gwangwanayen Bournvita da Milo da madarar Peak hawa-hawa, ga kiret ɗin ƙwai, ga burodi a tsaye cikin ledarsa. Daga gefe ƙatuwar buta ce da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin, tana tafasa da citta da kanumfari tun kafin kiran assalatu.

Kowa da tasa kalmar. "Haɗa mini kauri." "Ni ruwan bunu kawai." "Soya biyu, ka cika attaruhu." Sai kuma wadda ake faɗa ƙasa-ƙasa: "Baba, sa a littafi." Zai ɗauki kofi biyu, ya ɗaga hannu ɗaya sama ya sheƙa shayin cikin na ƙasa, ya mayar, ya sake, har kumfa ta taso, ko ɗigo bai zuba ba. Ƙarfe shida da rabi na safe ya murɗa rediyo ya kamo BBC, kowa ya yi tsit har a gama kanun labarai. Daga nan gardama ta ɓarke.

A benci ɗaya za ka ga malamin firamare, da mai gadi da ya kwana a bakin aiki, da ɗan kamasho, da ɗalibin jami'a riƙe da takardunsa, da ma'aikacin jinya da ya taso daga aikin dare. Akwai wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari da kan ajiye motarsa ya zo ya matsa tsakanin yaran gareji. Akwai wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda a nan ya goge Hausarsa har yana ba mutane amsa da karin magana. A faɗa mini wani wuri a garin nan, in ban da sahun masallaci, da irin waɗannan mutane ke zama kafaɗa da kafaɗa ba tare da wani ya ji ya fi wani ba.

Kuma ba shayi kaɗai ake sha ba. A nan ake jin wa ke neman yaron shago, wane gida ne ke da ɗakin haya, wa aka kwantar a asibiti. A nan aka taɓa yin karo-karo a tsaye aka biya wa wani mai tura ruwa kuɗin aikin da aka yi wa matarsa, mai shayin ne ya riƙe kuɗin don shi kowa ya yarda da shi. Baƙo ya sauka da tsakar dare da kwatance a takarda, wurinsa zai nufa. Mai tafiya ya bar masa makulli, mai aike ya bar masa saƙo. Ba a biyansa ko kwabo a kan wannan, kuma babu ofishin da ke yin aikin in shi ya bari.

Da aka zo faɗaɗa titin da gina magudanar ruwa, aiki mai kyau wanda unguwa ta daɗe tana roƙo, sai aka ce ya tashi kafin gobe. Babu wanda ya nuna masa inda zai koma. Ya ja teburinsa cikin lungu inda babu masu wucewa, ciniki ya mutu, bai cika shekara ba ya tattara ya koma gida. Mu da muke zama a wurin har yanzu yawancinmu muna unguwar, amma sai a jana'iza ko ɗaurin aure muke haɗuwa. Titi ya yi kyau. A takardar aikin kuwa na tabbata babu layin da ya ambaci abin da aka rasa.

Waɗanda suka mayar da abin doka

A Ingila, wurin da ke yi wa talakawan unguwa irin wannan aikin shi ne ƙaramar mashayarsu. Su ma sun ga ana rufe su ɗaya bayan ɗaya ana mayar da su gidajen haya masu tsada, sai suka kai maganar majalisa. Dokar da suka yi a 2011 ta ba mutanen unguwa damar sa a rubuta irin wannan wuri a matsayin kadara mai amfani ga al'umma. Dokar ta tanadi cewa idan mai shi ya tashi sayarwa, dole a ba mutanen unguwa wata shida su nemi kuɗi su taya.

A watan Afrilun 2015 wani kamfanin gine-gine ya rushe wata tsohuwar mashaya mai suna Carlton Tavern a Landan ba tare da izini ba. Hukumar yankin Westminster ta ba shi umarnin ya sake gina ta yadda take, tubali bayan tubali. Ya yi ta ja, bai yi nasara ba. An sake buɗe ta a 2021.

Na san abin da wani zai ce: yanzu giya kake karewa ke nan? A'a. Giya haramun ce a addinina, doka ta hana ta a jihata, ban kuma zo neman a sassauta ba. Abin da nake nunawa shi ne hukumar da ta gane cewa wurin da talaka ke zama da maƙwabtansa yana da daraja ko da ba ya kawo haraji mai yawa, har ta tsaya masa a gaban mai kuɗi. Na zauna da abokan aiki waɗanda ba Musulmi ba, 'yan Jos da Kudancin Kaduna. Idan suna tuna wata 'yar rumfa da suka saba zama a cikinta a garinsu, ba ka jin suna yabon abin da ke cikin kwalba. Mutane suke lissafawa: wane ya rasu, wane ya koma ƙauye, matar da ke yi musu farfesu tana ɗaga musu ƙafa har ƙarshen wata. Kewarsu da tawa iri ɗaya ce. Mu kuwa Allah Ya hutar da mu, namu wurin zaman bai ƙunshi abin da ke gusar da hankali ba. In masu mashaya sun iya kare tasu da doka, mu me zai hana mu kare teburin shayi?

Ba ma sai mun je Landan ba. Kasuwar mami da ke kusan kowane barikin soja a ƙasar nan da kunu ta fara. Mammy Ochefu, 'yar ƙabilar Idoma, matar wani ƙaramin soja a lokacin, ita ta fara sayar wa sojoji kunu a barikin Enugu a 1959. Kamar yadda ta sha ba da labari, an yi ƙorafin cewa kununta na tara ƙudaje, aka sa ta daina. Masu sha suka matsa, sai shugabannin barikin suka ware mata wuri daga baya. Ƙorafin gaskiya ne, ƙudajen ma gaskiya ne, amma maganin da aka yi shi ne ba ta wuri. Mijinta, Anthony Ochefu, daga baya ya zama gwamnan soja, sunanta kuma ya bi kasuwannin bariki har sansanonin masu yi wa ƙasa hidima.

"Matattarar 'yan zaman kashe wando ce"

Duk mai faɗin haka bai taɓa zuwa da asuba ba. Tsakanin sallar asuba da ƙarfe takwas, ma'aikata ne zalla: direbobi, leburori, 'yan dako, masu gadi, 'yan ci-rani da suka bar iyali a ƙauye ba su da mai dafa musu. Mutumin da ke kwana a shago ko a tasha ba shi da kicin. Teburin nan ne kicin ɗinsa.

Da daddare kam akwai matasan da kan zauna su raba dare suna musun ƙwallo da siyasa, wasu ko shayin ba sa saya. Amma benci ne ya hana su aiki? A Damagaram da Yamai, tun shekarun 1990 matasa suke kafa fada, su kewaye 'yar butar shayi a kan gawayi suna jiran aikin da bai zo ba. Da yawa daga fadojin nan su ke share kwata, su ke gadin unguwa, su ke haɗa wa ɗan'uwansu gudummawa in zai yi aure. Rashin aiki ne ya zaunar da su. Ka kwashe bencin, matashin na nan, aikin kuma bai zo ba. Abin da ya sauya kawai shi ne yanzu yana zaune a inda babu babba da zai gan shi.

Addininmu ma ya riga ya yi magana a kan wannan. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri, Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya. Suka ce ba su da makawa, nan ne majalisarsu, nan suke tattaunawa. Bai kore su ba. Ya ce in dai sai sun zauna, to su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cutarwa, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Wannan ita ce ƙa'idar da nake so a ɗora mai shayi da masu zama wurinsa a kai. Majalisar da ke bin matan mutane da kallo, ko take yi da duk wanda ya wuce, ta ci amanar hanya, kuma a gaya mata gaskiya. Wadda ta kiyaye, a ƙyale ta.

Kukan matan gida

Wannan ne ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba.

Magidanci ya bar wa iyalinsa kuɗin cefanen da ko tuwo da miyar kuka ba za su wadata ba. Da daddare ya zo ya sa a dafa masa Indomie biyu da ƙwai uku, ya kora da shayi mai kauri, ya goge baki, ya koma gida ya ce wa matarsa gari ya yi zafi. 'Ya'yansa sai su yi wata ba su ga ƙwai ba. Matar ta yini da yara, tana jiran ya dawo su yi hira, shi kuwa ya ƙarar da hirarsa a waje, ya shigo sha biyun dare ya juya mata baya. Wannan zalunci ne. Malamai sun sha faɗa a kan mumbari, mata sun sha faɗa a gidajen rediyo, kuma duk wanda ya zauna a teburin mai shayi ya san irin mutumin da ake nufi.

Tambayar ita ce ko tashin mai shayi zai kai ƙwan nan gida. Ba zai kai ba. Mutumin zai koma wurin mai tsire ko mai balangu, inda kuɗin ma ya fi yawa. Son kai a zuciyarsa yake, zai bi shi duk inda ya je.

Abin da na gani da idona shi ne majalisa mai dattawa tana iya gyara irin wannan mutum fiye da yadda ake zato. A teburinmu akwai wani tsohon direban tirela da ba ya ganin magidanci ya cika faranti ya yi shiru. Sai ya ce, "Malam, na yara fa?" A gaban mutane. Mai shayin kuma ya riga ya yanka rabin burodi ya ƙulla a leda ya ajiye gefen farantin. Kunya ta sa mutum ya biya ya tafi da shi. Wanda ke cin abinci shi kaɗai a ɓoye babu mai yi masa wannan tambayar.

Akwai kuma gaskiya ta biyu a cikin kukan mata: bencin na maza ne. Mace sai dai ta aiko yaro da fulas. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a kan marasa lafiya daidai da abokin aikinta namiji ba ta da inda za ta zauna ta sha ruwan zafi kafin ta hau mota. A Khartoum, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, mata ne ke riƙe da sana'ar shayin bakin titi, kuma sun sha kora da ƙwace kaya daga hukuma. Ɗaya daga cikinsu, Awadeya Mahmoud, ta haɗa su cikin ƙungiya don su kare kansu, har gwamnatin Amurka ta karrama ta a 2016. Al'adarmu daban ce da tasu, ban ce a kwaikwaya ba. Amma a bakin asibitoci da makarantu da kasuwanni, me zai hana a sami wurin da mata ke haɗa wa mata shayi cikin sutura da mutunci? Gyaran wannan giɓi shi ne a ƙara wurare.

Ƙazanta, ƙwaya da tsaro

Bahon wanke kofi da ake yini ba a sauya ruwansa ba abin ƙyama ne, kuma a lokacin amai da gudawa haɗari ne. Ba na musu. Sai dai mai shayi sayen ruwa yake yi jarka-jarka daga 'yan garuwa, shi ya sa yake tattalinsa. Aikin duba-gari ke nan: ya zo ya duba, ya ce baho biyu za a ajiye, a rufe burodi, a tanadi kwandon shara, wanda ya ƙi a ci shi tara. Muna da wannan tsari tun zamanin En'e, mu muka bar shi ya lalace.

Maganar ƙwaya ta fi tsanani. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. A shekarar ce gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. A Kano mun san gadagi, mun kuma san akwai ɓata-garin da ke jefa abin da bai kamata ba a cikin buta don jan ciniki. Wanda aka kama da wannan a miƙa shi ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, kada a tausaya masa, domin ya ci amanar masu sha ya kuma ɓata sunan dubban masu neman halal. Amma kowa a garin nan ya san inda cinikin ƙwaya ya fi ƙarfi: kangwaye, bayan makarantu da dare, lungunan da babu fitila. Tebur mai haske, wanda liman kan tsaya ya sayi burodi a kansa, shi ne wurin da ya fi yi wa dillalin ƙwaya wahalar sha'ani.

Hasken nan ma shi ne amsar masu maganar tsaro. Waɗanda suka zauna a Kano bayan harin 20 ga Janairun 2012, wanda ya ci rayuka fiye da 180, sun san yadda gari ke zama idan dokar hana fita ta kashe wutar masu shayi. Titi ya yi duhu, ya yi tsit, ko bayan an sassauta dokar mutum na tafiya yana waige. A 'yan shekarun nan da ƙwacen waya ya addabi mutane, tambayi duk mai dawowa gida da dare wace hanya yake bi. Zai ce maka wadda ke da mai shayi. Mutum goma a zaune, idonsu biyu, sun san fuskar kowa a layin, tsaro ne da gwamnati ba ta kashe ko sisi a kansa ba.

Tare hanya kuwa, inda tebur ya hau kwalta ko ya toshe magudanar ruwa, a matsar da shi. Matsarwa daban, kora daban.

Abin da ke kashe su a hankali

Ko ba a kore su ba, tsadar rayuwa na cin su. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, sukari da madara da fulawa da ƙwai da gawayi babu wanda bai tashi ba. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Mai haɗa kauri ya koma ruwan bunu, mai ƙwai biyu ya koma ɗaya, gwangwanin madara ya koma 'yar leda. Mai shayi ba ya iya ƙara kuɗi yadda kaya ke ƙaruwa, don ya san aljihun kowa a bencinsa.

Duk da haka sun nuna juriyar da manya ba su nuna ba. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, mutane da kuɗinsu a banki suka rasa abin karyawa. Masu shayi da yawa suka buɗe asusu a waya suna karɓar taransifa, wanda tasa ta ƙi tafiya kuma a rubuta shi a littafi. Shoprite da aka yi ta ɗoki a kanta a Ado Bayero Mall ta rufe reshenta na Kano a farkon 2024. Masu shayin titin Gidan Zoo suna nan suna hura wuta.

Wani zai ce ai ga sababbin wuraren shan shayi da gahawa na zamani suna buɗewa, masu kujerun laushi da sanyin na'ura. Madalla da su, sana'a ce, suna ɗaukar ma'aikata. Amma kuɗin kofi ɗaya a can ya kai abin da lebura zai karya da shi kwana da kwanaki. Akwai mai gadi a ƙofa da ke duban takalminka. Babu littafin bashi. Kowa da teburinsa, kowa da wayarsa, ba ka isa ka ja kujera ka shiga hirar mutanen da ba ka sani ba. Wuri ne na waɗanda suka riga suka san juna kuma aljihunsu ɗaya. Ba zai maye gurbin benci ba.

A 2017 gwamnatin Kano ta raba wa masu shayi 5,200 kayan sana'a na kimanin Naira miliyan 208. Mutane suka yi ta dariya a Facebook. Ni ban ga abin dariya ba, domin aƙalla an yarda cewa sana'a ce. Inda na ga gazawa shi ne katan ɗin taliya da gwangwanin madara kwana kaɗan suke yi su ƙare. Abin da mai shayi ya fi buƙata shi ne ya kwana da sanin cewa gobe wurinsa na nan.

Wannan kuwa ba ya cin kuɗi mai yawa. Duk lokacin da za a zana sabon titi ko gadar sama, a bar 'yan gurabe daga gefe, nesa da kwalta, a ce nan na masu shayi da masu ƙosai ne, kamar yadda ake barin wurin tsayawar mota. Ƙaramar hukuma ta ba da lasisi ɗaya na shekara da rasit, a daina aiko masu karɓar kuɗi kala-kala. Inda tebura suka taru a kafa famfo ɗaya da fitilar sola. Idan dole ne a tashi mutum, a ba shi wa'adi na watanni, a nuna masa wani wurin da mutane ke wucewa, a kuma kira mai unguwa da kansila su zauna da masu zama a bencin kafin a yanke magana. Ƙungiyoyin masu shayi su ma su ɗauki nasu nauyin, su san membobinsu, su fitar da mai sayar da ƙwaya da kansu tun kafin a zo kama shi.

Saura mu masu zama. Tebura da yawa ba hukuma ce ta kashe su ba, littafin bashi ne. Mutum ya sha na wata uku, albashi ya shigo, ya sauya hanya ya koma wani teburin. Mai shayi ba shi da lauya, ba ya kai ƙara wurin 'yan sanda, kunya ma ba ta barinsa ya tare ka a gaban mutane. Da jarinsa yake ciyar da kai, shi ma bashi ya ɗauko a wurin mai burodi da mai kanti, kuma su ba sa ɗaga masa ƙafa. Duk wanda ya san sunansa na cikin wani littafi, ko ya bar unguwar da daɗewa, ya nemi mutumin ya biya shi a ƙarshen watan nan.